Misali Ɗaya Tak

Takardar tes ɗin tana yashe a kan tabarma, jan biro ya ratsa ta daga sama har ƙasa. Baƙo ya zuba mata ido, ya rafka tagumi. 'Yan gida ne suka laƙaba masa wannan suna, don tun yana saurayi bai taɓa zama wuri guda ba. Ya yi gareji ya gudu, ya bi tirela shekara da shekaru, sai bara ya dawo da jaka ɗaya da gemu, ya ce jami'a zai shiga.

"Sifiri kuma?" in ji Inna daga ƙofar kicin. "Ni wane irin lissafi ne wannan da kullum sai ya kayar da kai?"

"Inna, wannan kos ɗin ba ƙidaya ake so ba, hujja ake so. An ce in nuna cewa lamba mara in ta haɗu da wata mara, cika ake samu. Na rubuta uku da biyar, takwas. Bakwai da tara, sha shida. Na cika shafi fal! Lakcara ya rubuta mini wai misali ba hujja ba ne."

Sallamar Auta ce ta katse su. 'Yar autar Kawu ce, tana aiki a kemis, ta kawo wa Inna maganin hawan jini. Ita ce ta jira Baƙo duk tsawon shekarun nan, tana korar manema har aka fara yi da ita a dangi.

"Yaya, da hularka da gemunka yara suna wuce ka a aji?" ta ce tana dariya. Sai dariyar ta ɗauke. "Baba ya sake magana. Ya ce ba zai ba ka ni ba. Wai duk mazan gidanku ba sa zama."

Inna ta juya ta koma kicin. Mijinta ma haka ya fita wata safiya, har yau bai dawo ba.

Washegari a lakca aka koyar da abin da ya sa Baƙo ya miƙe zaune. Lakcara ya ce in mutum ya yi iƙirarin "duk", misali dubu ba za su tabbatar masa ba, amma misali ɗaya tak da ya saɓa ya isa ya rushe maganar. Daga aji bai zarce ko'ina ba sai shagon kafinta na Kawu.

Ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu yana goge katako, garin katako ya yi masa fari a gira.

"Kawu, ka gafarce ni. Ka ce duk mazan gidanmu ba sa zama. A ilimin hujja, babana da ƙaninsa misalai ne kawai. Mutum ɗaya in ya zauna, maganar ta rushe!"

Kawu ya hure katakon, ya kanne ido ɗaya yana duba miƙewarsa.

"Madalla da boko. To ina mutum ɗayan?"

"Ga ni, Kawu."

"Kai? Kai da har yanzu jakarka tana bayan ƙofa ba ka kwance ta ba? Tashi ka ba ni wuri, ɗan nan, kana tare mini haske."

Haka semista ta ƙare masa a gajiye. Sakamako ya fito, ya faɗi kos ɗin, dole sai ya maimaita. A ranar ce kuma tsohon maigidansa direba ya bugo waya: akwai sabuwar mota, akwai hanya mai nisa, gobe da safe za a tashi.

Auta ta same shi a tsakar gida, jakar a gabansa.

"Auta, na gaji wallahi. Kaina ba na wannan abin ba ne. In na je na dawo—"

"Ka dawo ka tarar da wa?" Hawaye suka zubo mata. "Ni ban ce sai ka ci jarabawa ba, Yaya. Baba ma bai ce ba! Kullum ina kare ka a gida, ana ce mini wawuya. Yau kuma za ka je ka sa hannu a kan maganarsu?"

Ta fita tana share fuska da gefen mayafi. Ya daɗe zaune. Ƙafafunsa har ƙaiƙayin hanya suke yi. Can ya zuge jakar, ya zazzage kayan a kan tabarma.

"Inna, a ina zan zuba waɗannan?"

Inna ta dube shi, ta dubi kayan, ta buɗe masa durowa.

Ya koma aji ɗaya da sababbin ɗalibai, suna kiransa "Baba kari-oba", wato mai maimaita kos. Ya haɗiye zolayar. Ya koyi rubuta lamba mara a matsayin ninki biyu na wata lamba da ƙarin ɗaya, ya ga yadda ɗaya da ɗayan nan suke haɗuwa su cike gurbi, layi uku kacal, ba shafi fal ba. Kullum da safe yana wucewa ta gaban shagon Kawu riƙe da littafin lissafinsa da bangonsa ya yage. Ya gaishe shi, Kawu ya amsa a daƙile.

Ranar da sakamako na biyu ya fito, da ƙyar ya haye. Bai ma kai ga faɗa wa kowa ba ya tarar da amalanke a ƙofar gida, Kawu yana sauke wani tebur mai nauyi, sabo fil yana ƙamshin fenti.

"Kawu, ai ba ka ji sakamakon ba tukuna."

"Ina ruwana da sakamakonka? Na ga ka faɗi, na ga ka koma. Kama can mu shiga da shi." Suka ɗaga suna nishi. "Na karatu ne. Da gangan na yi shi da nauyi, ba ya shiga jaka. Ka ce wa innarka ina nan zuwa mu yi maganar yarinyar nan."

Daga bayan labulen ɗakin Inna aka ji 'yar dariyar Auta haɗe da shessheƙa, ashe tana ciki.

Baƙo ya dafa teburin, gajiyar shekaru ta sauko masa gaba ɗaya, mai daɗi. Ya gane cewa alkawari ba a tabbatar da shi da iya magana. Wanda ake zargi da gudu, hujjarsa ɗaya ce: a waiwayo gobe a same shi yana nan, jibi ma haka.