Gajeren Tiyo

Ranar da Dogo ya fara ganinta, ƙafafunta kawai ya gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota a garejin babanta. Ya yi sallama, ya ce birkinsa ke kuka. Ta fito da sifana a hannu, ta duba takalman birkin, ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta tambaye shi ko jira yake sai ya kashe wani kafin ya canza su.

Dogo tela ne, bai saba a yi masa tsawa ba. Amma sai ya koma shago yana ta murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta.

Barkono ake ce mata a garejin, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi ƙarya ba. Tun tana korarsa har ta ba shi lambarta.

"Barkonona," ya rubuto wata rana, "yau ma cikin motata ya daki dutse a layinku. Saboda ke har ƙarfe wuya yake sha."

Ta mayar masa: "To ka zo da ƙafa mana, ai Allah ya ba ka su da tsawo."

Layin nasu duk ramuka ne, motar Dogo kuwa 'yar ƙasa ce. Sai ya roƙi yayanta, wanda shi ma makanike ne a garejin, ya ɗaga masa ita. Baba ya hana irin wannan aiki a wurinsa, don haka Yaya ya yi shi a ɓoye, ya cusa ƙarafa a kan sifirin ɗin tayoyin, ya sa Dogo ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Ana nan, Dogo ya ɗauko Baba da Mama, iyayen Barkono, daga asibitin ido. A gangara taya ta faɗa rami, ya taka birki, birki ya tafi ƙasa salin-alin. Tarin yashin wasu magina ne ya tsayar da su. Mama ta fasa goshi.

Baba ya fito yana huci, kallo ɗaya ya yi ya gane an ɗaga motar. Ya tambayi wanda ya yi aikin, Dogo ya sunkuyar da kai ya ce wani ne. Nan take Baba ya ce mai wasa da ran mutane don gayu ba zai auri 'yarsa ba, kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Fushin Barkono ya fi na Baba. Ta rubuta: "Uwata ka ɗauka a motar da ka san an yi mata wasa. Kada ka ƙara kirana."

"Laifina ne," ya amsa. "Ya goshin Mama?"

Wannan amsa ta ƙara tunzura ta. Da aka jawo motar gareji, ta shige ƙarƙashinta don ta samo abin da za ta zage shi da shi. Ta ga tiyon man birki na gaba ya fashe daga bakinsa. An ɗaga mota an bar tsohon tiyo, ya yi gajere, taya na faɗawa rami ya miƙe ya tsage. A jikinsa kuma an naɗa jar wayar lantarki an murɗe. Duk garejin mutum ɗaya ne ke ɗaure tiyo haka, yayanta.

Ta kwance shi, ta je ta dangwara a teburin Baba, a gaban Yaya. Yaya ya fara kame-kame, wai ya yi niyyar sayo dogon tiyo ya manta. Ta ce mantuwa daban, shiru daban, ya yi shiru ne don wani abokinsa mai sayar da kayan mota, wanda shi ma ke neman aurenta, ya samu hanya. Nan take Baba ya karɓe makullan garejin daga hannun ɗansa.

Ta kira Dogo, bai gama sallama ba ta rufe shi da faɗa.

"Wato ka gwammace ka rasa ni da ka buɗe baki?"

"Ban so in shigo gidanku ta kan yayanki ba, Barkonona."

"Ni kuma fa? Ka san kukan da na sha?" Muryarta ta karye, abin da ya ƙara ba ta haushi. "Ka zo, Baba na nemanka."

Da Dogo ya iso, ya tarar Baba ya sa dogon tiyo da hannunsa, yana kwance a ƙasa zai fitar da iska daga birkin. Aikin mutum biyu ne, ɗaya na takawa, ɗaya na buɗe noti. Barkono ta nufi mazaunin direba, Baba ya ce ta matsa, mai motar ya shiga.

"Taka. Riƙe. Na ce riƙe, kai wane irin mutum ne?"

Dogo ya riƙe, gumi na zuba masa. Suka yi ta yi har birkin ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafarsa.

"Har yanzu haushinka nake ji," in ji Baba daga ƙasa. "Ka rufa wa ɗana asiri, ni kuma ka bar ni na zage ka a banza. Saki. Gobe ka turo iyayenka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ka haƙurin zama da ita."

Barkono ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji ba ta da sauran faɗa. Ta ce amin, a hankali.