Shuɗin Ƙyalle na Tara ga Oktoba

"Shuɗi, Bernat! Da idona na gan ka!"

Neus ta tare ƙofar gidansu, ta riga ta zare zoben baikonta ta damƙe a tafin hannu. Daga tsakiyar gari ana jiyo ƙarar wasan wuta, an sauko da tutar birninsu Balensiya ke nan don bikin shekara, amma ita ko a jikinta.

Yau tara ga Oktoba, ranar da kowane namiji ke ƙulle alewa a ƙyallen siliki ya kai wa wadda yake so. Mace kuwa ba ta yar da ƙyallen, adanawa take har tsufa. Bernat ya fi kowa sanin ja ne launin da Neus take so. Sai ga shi ɗazu a shagon Remei, tsohuwar budurwarsa, yana zaɓen shuɗi, ita kuma tana ɗaure masa tana wani karairaya.

"Rabin raina, saurare ni..."

"Rabin ran wa? Shagon alewa ya ƙare a garin nan ne sai nata?"

"Can Baba Batiste yake saye tun..."

"Kada ka sako mahaifina a ciki! Ka gaji da jira ne, ka faɗa kawai. Na ɗage aure saboda ciwonsa, ka samu mai lokacinka!"

Kishi ya rufe mata ido har ba ta lura ƙullin yana hannunsa ba. Ya raɓa ta gefenta ya shige.

Baba Batiste yana kan kujerarsa bakin taga. Tun bara ciwon mantuwa ya cinye shi, ko matarsa Empar ba ya ganewa. Bara ita ce shekarar farko da Mama ba ta samu ƙyalle ba. Ba ta yi ƙorafi ba, ta dai buɗe akwatinta ta jima tana shafa na baya, dukkansu shuɗaye.

Shuɗaye! Gaban Neus ya faɗi.

Bernat ya durƙusa ya ɗora masa ƙullin a cinya.

"Baba, yau fa ranar ce. Ga saƙonka na karɓo."

Tsohon ya shafa silikin, ya sunsuna. Fuskarsa ta washe.

"Da aka hana kakanninmu wasan wuta, sai suka mayar da shi alewa," ya ce, kamar yadda yake faɗa duk shekara. "Ina yarinyar?"

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. Ya kalle ta kamar baƙuwa, ya ɗauke kai. Idonsa ya sauka kan Neus.

"Empar... zo mana, kada babanki ya gan mu."

Neus ta daskare.

"Baba, ni ce..."

"Karɓi," in ji Mama, hawaye na zuba, tana murmushi. "Ni yake ba wa. Haka nake lokacin."

Neus ta karɓa hannu biyu. Ta kwance ƙullin, ta juye alewar a faranti, ta ɗaura wa Mama ƙyallen a wuya. Tsohon ya bi shuɗin da ido, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi miki kyau," ya ce wa Mama.

Kunya ta hana Neus ɗaga kai. Ta matsa kusa da Bernat, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka yafe min..."

Ya zaro wani ƙulli daga cikin rigarsa. Ja ne, a karkace, alewar duk ta lotse.

"Wa ya yi wannan mugun ɗauri?"

"Ni. Na san halinki, ban bari Remei ta taɓa shi ba."

Dariya da kuka suka zo mata tare. Ta buɗe tafin hannunta ta miƙa masa zoben.

"Mayar min. Kuma a sa rana, Bernat, tun Baba yana iya ganina cikin farar rigar amarya, ko da da sunan Mama zai kira ni."