Bokitin Bayan Ƙofa

"Wai wannan warin kuma na mene ne? Gida muke ko masana'anta?"

Yaya Batulu ce ta faɗa daga bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi. Mansura tana durƙushe a tsakar gidan hayarsu da ke Agege, hannuwanta cikin safar roba, tana juya farin ruwa mai kauri a babban baho da wata tsohuwar muciya.

"Sabulun wanki ne, Yaya. Ya kusa haɗuwa."

"Sabulu! Allah wadaran talauci. Ƙanina yana yanka shanu, matarsa tana dama kunun wanki kamar wadda aka yi wa baki. To, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, 'yar maigadi dai 'yar maigadi ce."

Mansura ta sunkuyar da kai ta ci gaba da juyi. Maganar ta soke ta, amma ba yau ta fara ji ba.

Mijinta Uwaisu mahauci ne a abatuwa, kullum sai ya dawo da kaya kashi biyu sun sha jini da kitse. Omo kuwa ya zama abin da ya zama, ƙullin da za ka saya yau ba shi za ka tarar gobe ba. Ganin haka maƙwabciyarsu Iya Sikira, wata Bayarbiya mai sayar da kayan shara, ta koya mata haɗa na ruwa a gida. Abu na farko da ta ja mata kunne a kai shi ne soda: a zuba ta a ruwa, a rufe ta kwana guda kafin a haɗa da sauran kayan, kuma kada a kuskura fata ta taɓa ta. Ido zai ce maka ruwan sha ne, alhali wuta ce.

Uwaisu kam abin ya burge shi. Ranar da ya ga farar rigarsa ta fito tas, ya ɗaga ta sama yana dariya.

"Kai, Injiniya! Wannan ai ya fi na kanti. I swear, ni na yi dace."

"Oga, ka dai daina goge wuƙa da gaban riga, shi ne godiyar."

Haka suke, ba su da yawa amma suna da daɗin baki a tsakaninsu, har Yaya Batulu ta sauka. Yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Daga Kano ta zo da sunan mako biyu, za ta halarci bikin 'yar ƙawarta. Aka ɗaga bikin, ita kuwa ba ta ɗaga ba, yau wata huɗu ke nan. Ba ta taɓa yafe wa Uwaisu auren 'yar Malam Harouna ba, mutumin Maraɗi mai gadin wani gida a unguwar Iyana Ipaja. Ko tsinke ba ta ɗagawa a gidan, har ɗankwalinta Mansura ke wankewa, amma ta kafa doka: nata kayan da omon kanti kaɗai za a taɓa su.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu biki, Mansura ta shirya za ta kasuwa sayo turare da kalar sabulu. Tun jiya ta jiƙa soda a shuɗin bokiti, ta rufe ta tura bayan ƙofa.

"Yaya, don Allah kada a taɓa shuɗin bokitin nan, yana da ƙarfi sosai."

"Ni? Allah ya tsari gatari da saran shuka. Ki kwashe ƙazantarki can."

Gosulo ya riƙe danfo, bas ɗin hayar da ta shiga, ba ta dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga ƙofar gida ta jiyo kururuwa. Matan gidan sun yi cirko-cirko, Uwaisu yana tsaye ko kayan aiki bai cire ba, a ƙasa kuma ga leshin bikin Yaya Batulu, ruwan goro mai duwatsu, wanda ta yi wata huɗu tana yi wa kowa burga da shi. Ya koɗe dabbare-dabbare, zaren adon ya zagwanye, duwatsun sun zube.

"Ga ta nan!" Batulu ta ƙwala ihu, tana cikin dogon hijabi har ƙasa. "Manja ya ɗiga mini, na ce ta ɗauraye mini da omo, shi ne ta tsoma shi a gubarta don baƙin ciki! Ba ta so in fita kunya a cikin mutane!"

Ledar hannun Mansura ta faɗi. "Wallahi Yaya ban taɓa leshin nan ba. Ban ma san ya ɓaci ba."

"To, wa ke wanki a gidan nan? Aljanu?"

Mansura ta leƙa bayan ƙofa. Murfin bokitin a karkace yake, ruwan ya ragu sosai.

"An taɓa sodar... Oga, wannan ba sabulu ba ne tukuna, soda ce zalla, tana cin kaya, tana cin fata."

"Ka ji ko? Ka ji da kunnenka!" Batulu ta fashe da kuka. "Abin da ke cin fata take ajiyewa a ɗakin da kake kwana. Yau leshi ne, gobe a miyarka za ka sha shi. Uwaisu, ni na goya ka, ni na yi maka tsarki, yau a gabanka 'yar maigadi za ta ƙaryata ni?"

Mansura ta dubi mijinta, tana neman idon mutumin da ke kiranta Injiniya. Bai dube ta ba.

"Ɗauki abin nan ki zubar," ya ce.

"To, bari in ɗauko safar hannu..."

"Yanzu na ce!"

Ta sunkuya ta rungumo bokitin da hannu biyu. Taku uku ta yi. Kowa a gidan ya ga lokacin da Batulu ta miƙo ƙafa, amma babu wanda ya yarda ya gani. Mansura ta yi tuntuɓe, ruwan ya kwaranyo mata tun daga wuyan hannu har yatsu. Da farko santsi kawai ta ji, sai kuma azaba ta taso, ta saki ƙara.

Iya Sikira ce ta fizge ta zuwa gindin famfo. "Ye! Omi, omi! Ku kawo ruwa! Pele, iyawo, sannu matar gida, kada ki cire hannu, bari ya yi ta zuba."

"Ta ɗanɗani abin da ta dafa," in ji Batulu.

A nan gindin famfo, tana kuka ruwa na zuba, Mansura ta lura da wani abu. Duk haukan da Batulu ta yi, mace mai tafa hannu ko gaisuwa take, ko sau ɗaya ba ta fito da hannunta daga hijabi ba. Da haɓa take nuni. Hawayenta ma da kafaɗa take sharewa. Mansura ta gane komai. Manja ya ɗiga, girman kai ya hana tambaya, Batulu ta zaci bokitin da aka hana taɓawa shi ne sabulu mai kyan da ake ɓoye mata. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai muryar Uwaisu ta riga ta.

"Ki tafi gidanku, Mansura. Sai na neme ki."

Wannan ta fi sodar zafi. Ta rufe bakinta. Iya Sikira ce ta kai ta kemis aka naɗe hannuwan, ita ce kuma ta sa ta a danfo, don ko jaka ba ta iya riƙewa.

Ɗakin Malam Harouna ɗan ƙarami ne a jikin get, tabarma ɗaya da buta da rediyo. Ya saurari 'yarsa har ta gama, idonsa ya yi ja.

"Baba, zan kira shi in gaya masa. Ita ta yi, hannunta ma ya ƙone, na tabbata!"

"A'a, ɗiyata. In kin faɗi yanzu, cewa za a yi sharri ne. Bon, shi ke nan, ki yi kurum. Ƙarya tana shiga hijabi, amma ƙuna ba ta zama ciki. Mu dai mu je likita a duba miki da kyau."

Kwana shida ta yi a ɗakin nan. Tsohon da ke buɗe wa masu motoci get yana rusunawa, shi ke ba ta abinci a baki da cokali, shi ke ɗaura mata ɗankwali. Fatar hannun ta saɓule, ta yi jajir. Kullum wayarta tana gefe, ba ta yi ƙara ba. Ta yi kukan ciwo, ta yi kukan kewa, don abin haushin shi ne har yanzu tana son mutumin. Wani lokaci har ta kama kanta tana tunanin wa ke wanke masa kayan aiki.

Rana ta bakwai da hantsi aka ƙwanƙwasa get. Uwaisu ne, rigarsa duk tabon jini ya bushe, ya rame kamar wanda ya yi jinya. Ya zube gaban Malam Harouna.

"Baba, na zo neman gafara. Na zalunci 'yarku."

"Ba ni ka ƙona ba. Ga ta nan."

Ya juyo, idonsa ya sauka a kan bandejin.

"Yaya ba ta je bikin ba, ta ce zazzaɓi. Tuwo ma da cokali take ci, a ɓoye, ta juya mini baya. Yau da safe ta zo ɗaukar buta, ta sake ta ta yi ihu, hijabin ya zame. Mansura, hannunta irin naki ne sak, har ya fi, don lalle ta shafa a kai wai kada a gane. Ya kumbura, yana ruwa. Ta faɗi komai da bakinta." Muryarsa ta karye. "Please, ki yafe mini. Na san ba ki ƙarya, tun ranar na sani a raina, tsoron Yaya ne ya rufe mini baki."

"Bai rufe maka baki ba, Oga. Ka yi magana ai. Ka ce yanzu, ka ce in tafi gidanmu."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarma. Ta so ta bar shi ya ɗanɗana ko da rabin kwana shidan nan, sai dai wata tambaya ta riga fushin fitowa.

"An kai ta asibiti?"

"Ta ƙi. Kunya take ji."

"Kunya za ta sa a yanke mata yatsu. Tashi mu je."

Malam Harouna ya ce sai dai a tsaya tukuna. "Da sharaɗi. Ɗiyata ba ta taɓa ruwan wanki sai hannunta ya warke sarai. Kuma wanda ya ga an sa mata ƙafa ya yi shiru, shi zai faɗi gaskiya a tsakar gidan da aka kunyata ta."

"Na yarda, Baba."

Sun tarar da Batulu a kwance, ɗakin yana wari. Da ta ga Mansura ta juya fuska bango. Mansura ta sa Uwaisu ya tsayar da Keke mai ƙafa uku. A asibiti likita ya yi faɗa sosai, ya ce da an ƙara kwana biyu da sai dai wani zancen. Ko da hakan, yatsun Batulu biyu na dama sun ƙage, ba su sake miƙewa ba.

Da suka dawo, Uwaisu ya tara matan gidan ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, bai rage nasa laifin ba. Da yamma aka kawo tuwo. Batulu ta zauna tana kallon kwano, hannu biyu a naɗe kamar ɗan dambe. Mansura, wadda yatsunta suka fara motsi, ta matso ta riƙe cokali da ƙyar, ta ɗebo ta kai mata baki.

"Bismillah, Yaya."

Batulu ta dubi cokalin, ta dubi bandejin da ke riƙe da shi, sai ta rushe da kuka.

"Ni na sa miki ƙafa, Mansura."

"Na sani. Buɗe bakin, zai huce."

Bayan mako uku ta koma Kano, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya ce ta ƙara kwana. Har ta tafi kayanta da sabulun gida aka wanke su, ba ta ce uffan ba.

Wanki kuwa ya koma hannun maigida. Duk yamma mutanen gidan suna ganin Uwaisu, ƙaton mahauci, durƙushe gaban baho yana cuɗa rigarsa mai kitse, Iya Sikira tana wucewa tana cewa, "Oga butcher, well done o!" Mansura tana zaune a kujera 'yar tsugune tana ba da umarni.

"Wuyan rigar bai fita ba."

"Injiniya, bayana zai karye."

"Ƙara cuɗawa. Shekara biyu ina yi ban mutu ba."

Tabon bai bar hannunta ba. Shuɗin bokitin yanzu yana cikin akwatin katako mai kwaɗo wanda shi da kansa ya sa aka ƙera.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa, wannan gaskiya ne, Mansura ta sha nata. Wanda ya raina sana'ar wani har ya ji kunyar tambaya, hannunsa zai biya. Kai kuma namiji, girmama 'yan'uwanka wajibi ne, amma kada ka yanke wa matarka hukunci kafin ka ce kowa ya fito da hannunsa a gani.