Ɗan Ambulan a Kusurwar Allo

A layin nan kowa da abin da yake faɗa a kan mai gyaran kwamfuta. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce kunya ce ta yi masa yawa. Mai shagon fenti ya ce shi dai bai taɓa jin muryarsa sosai ba, sai in yana lallashin na'ura.

Auta ta fara ganinsa ranar da Baba ya kira shi ofishinsu na sayar da kayan gini. Ita ce mai duba imel, kullum ita kaɗai tsakanin fanka da buhunan siminti. Oda tana ta wuce su, domin da ta gama karatu sai ta rufe manhajar, saƙo ya shigo ba wanda ya sani.

Mai gyaran ya taɓa nan, ya taɓa can, sannan ya nuna mata wani ɗan ambulan a kusurwar allo.

"Yanzu ko kin rufe, tana nan a baya tana sauraro. Da saƙo ya zo za ta faɗa miki."

Ta ce a gwada a gani. Ya tura daga wayarsa, allon ya yi ƙara: "Gwaji ne."

Gwajin bai ƙare ba. Kullum da hantsi sai ɗaya ya faɗo, tun ana tambayar lafiyar kwamfuta har aka koma ta mai ita. Abin da bakinsa ya kasa, yatsunsa suka iya.

Wata rana ta rufe manhajar ta fita alwala, Baba ya zauna kujerarta yana neman wani rasit. Allon ya yi ƙara, rubutu ya fito ɓaro-ɓaro: "Tauraruwata, yau ban ji ki ba, shagon nan ya yi mini faɗi."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai kada ya sake ganin ƙafar yaron nan a ofishinsa, tunda gidan mutane yana da ƙofa amma ya zaɓi taga. Ta rubuta wa mai gyara abin da ya faru. Amsa ba ta zo ba.

Makonni suka shuɗe. Ɗan gwaggonta ya fara zuwa zance da sabuwar mota, tana gaishe shi ta koma ɗaki. A ofis kuwa duk ƙarar da allon ya yi sai ta yi saurin dubawa, ta tarar ana tambayar kuɗin kwano ko rodi. Ta san inda ake kashe saitin. Ba ta kashe ba.

Baba yana lura. Ran nan ya ga ta share ido da gefen mayafi bayan ta karanta odar ƙusa. Ya ɗauki hularsa ya tsallaka titi zuwa shagon mai gyara.

Abin da ya faɗa a shagon gajere ne: in da gaske yake, ya turo manyansa, in kuwa wasa ne, ya zo ya cire abin nan da ya saka, yarinya ta huta.

Kawunnan mai gyara suka zo a satin. Aka ɗaura aure, Baba ya sa albarka.

Da 'yan rakiya suka watse, ango ya daɗe tsaye a bakin ƙofa yana murza hula.

"Na rubuta miki amsa ya fi a ƙirga, ban tura ba. Ina tsoron in ƙara ja miki faɗa."

"Da faɗan ya fi mini sauƙi," in ji ta.

Ya matso ya durƙusa a gabanta.

"Na bar ki ke kaɗai kina jira. Ki yafe mini, Auta. Na yi kuskure."