Marin da Gwaggo Ta Yi wa Ddumba

Tun azahar ake ruwa a unguwar Kawempe. Gwaggo Nassuna na zaune a kicin tana feren ɗanyar ayaba, Nakiwala kuwa na durƙushe a gabanta, idanu sun kumbura don kuka.

"Gwaggo, don girman Allah ki bari ya zo ya gaishe ki. Gaisuwa kawai fa!"

"Wa? Ddumba?"

"Sunansa Kasozi, Gwaggo. Ddumba ai a wasa ne."

"Wasa! Ni za ki gaya wa wasa? Da idona na gan shi a talabijin ya shaƙe matarsa. Ke yarinya ce, ba ki san komai ba. Wanda bai san abin ba, ba zai iya kama wuyan mace haka ba!"

Duk unguwar an san haukan da Nakiwala ke yi a kan wasan kwaikwayo. Tun tana koyon ɗinki, Lahadi ba ta wuce ta. Kujerarta ɗaya ce a gefen hanya, har masu yage tikiti sun daina tambayarta lamba. Kasozi take zuwa kallo, ɗan wasan da ke fitowa a Ddumba, mashayin miji mai dukan mata. Wata rana kwat ɗinsa ta yage ana tsakiyar wasa, ita kuma da allura a jakarta. Nan ta tarar mutumin da take tsoro a kan dandali ko haɗa ido da mace ba ya iyawa don kunya. Daga ɗinkin kwat aka zarce.

To amma kowa ya sani, a wajenmu saurayi ba ya tunkarar uban yarinya sai ta hannun gwaggonta. In ta ƙi buɗe ƙofa, magana ta mutu. Baban Nakiwala da ke garin Masaka ya riga ya yanke: abin da ƙanwarsa ta ce, shi ke nan. Ƙawaye kuwa, da yake ba su rasa mugunyar shawara, suka ce ta kwashe kayanta ta tare a ɗakinsa, ai ba ita ce farau ba. Kasozi ne ya ƙi. Ya ce matar da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta ba ta cancanci wannan sakayya ba, zai jira. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, suna jira.

Gwaggo ta jefa ayabar cikin tukunya. "Na gaji da wannan magana. Ƙarshen wata za ki koma Masaka wajen ubanki."

Nakiwala ta rushe da kuka, ta kama ƙafafunta. "Na yarda! Amma ki raka ni gidan wasan yau, sau ɗaya tak. Ki gan shi ido da ido. In kin ce a'a, wallahi da hannuna zan haɗa akwatina."

"Zan je," in ji Gwaggo, "don in nuna miki shi da yatsa."

Bayan la'asar suka isa gidan wasan a jiƙe. Zauren ya cika maƙil, ana cin gyaɗa, ana shewa. Mu dai ba mu iya kallon shiru ba: ɗan wasa ya yi magana a ba shi amsa daga kujera, in ya burge a hau dandalin a danƙa masa kuɗi a hannu. Gwaggo ta zauna a miƙe cikin gomesinta, doguwar rigarta ta zuwa biki, ta ɗaure fuska tamau, ta juyo kunnen dama, don na hagun ya daɗe da mutuwa. Zazzaɓi ne, haka take faɗa.

Aka ɗaga labule. Kullum a nan ne zuciyar Nakiwala ke yin fari, amma yau ta kasa ko murmushi. Leɓɓanta na bin maganganun da ta haddace, hawaye na bin kumatunta. Ta san watakila wannan ne zamanta na ƙarshe a kujerar nan.

Sai ga Ddumba ya shigo yana tangaɗi, kwalba a hannu. Zaure ya ɗauki ihu.

"Ga ɗan iskan nan!"

"Baiwar Allah, gudu! Ya sha ya ƙoshi!"

Matar cikin wasan ta durƙusa ta ajiye masa abinci. Ya buɗe, ya shinshina, ya sa ƙafa ya shure kwanon. Sannan a hankali, ba gaggawa, ya zare bel ɗinsa, ya naɗe shi a hannu.

Nakiwala ta waiga don ta ce wasa ne fa. Sai ta ga Gwaggo ta dafe kunnenta na hagu.

"Haka yake naɗe shi," ta ce can ƙasa. "Haka ɗin nan."

"Gwaggo? Wa?"

Gwaggo ta miƙe ta nufi dandali. Mutane suka riƙa ba ta hanya suna tafi, a zatonsu hajiya za ta yi kyauta ne. Wani ma har ya kama mata hannu ta hau matakala. Ta je gaban Ddumba, ta ɗaga hannu — tas! — ta wanke shi da mari.

Zaure ya fashe da dariya.

"Ƙara masa, Hajiya!"

Amma dariyar ba ta yi nisa ba, don muryar da ta fito daga bakin tsohuwar ba ta wasa ba ce.

"Ya isa, Matovu! Ya isa haka! Me ta yi maka? Wuni ta yi tana dafa abincin nan! Me na yi maka?"

Nakiwala, da ta biyo ta a guje, ta tsaya cak. Matovu sunan mijin Gwaggo ne, marigayi, wanda ko hotonsa babu a gidan. Ashe ba zazzaɓi ne ya kashe kunnen ba. Tausayi ya kama ta, da kunyar duk ranakun da ta kira matar nan mai taurin kai a zuciyarta.

Masu gadi suka taho da sauri. Kasozi ya ɗaga musu hannu, ya yi alama a saki labule. Ya dubi Nakiwala, ya gane wace ce a gabansa. Shatin yatsu kwance a kuncinsa, amma ko taɓa wurin bai yi ba. Ya yar da bel ɗin, ya ɗauko mayafin Gwaggo da ya faɗi, ya kakkaɓe, ya tsuguna ya miƙa mata da hannu biyu.

"Mama, kin yi daidai," ya ce da muryarsa ta gaskiya, mai sanyi. "Mutumin nan ya cancanci mari. An gaya mini kin ce wanda bai san abin ba ba zai iya ba. Gaskiyarki ce, na san shi. A ƙarƙashin gado na koya, ina yaro, ina kallon ƙafafun babana. Ina fitowa da shi nan ne don maza su gan shi su ji ƙyama. Har mahaifiyata ta koma ga Allah, ba wanda ya taɓa tashi ya mare shi dominta. Ke ce ta farko."

Gwaggo ta sa hannun da ya yi marin ta shafa kuncin.

"Da zafi, ɗana?"

"Da zafi, Mama. Hannunki akwai nauyi."

Ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka. Nakiwala ta rungume ta, su ukun suka yi ta zubar da hawaye a bayan labule, can waje kuwa jama'a na ta buga kujeru a ci gaba da wasa.

Da ta natsu, ta gyara mayafinta. "Ranar Asabar ka zo gidana, kai da mutanenka. Zan yi girki." Ta nuna bel ɗin da ke yashe a ƙasa. "Amma wancan ka bar shi a nan. Kada ya taka mini ƙofa."

"Nan yake kwana dama, Mama. Bai taɓa bina gida ba."

'Yan'uwana matasa, da Nakiwala ta bi shawarar ƙawaye, da ta sami miji ta rasa uwa, kuma da ciwon Gwaggo ya bi ta kabari ba wanda ya sani. In babba ya ce a'a, ba lallai ƙiyayya ba ce. Wani lokaci tsohon miki yake karewa, yana tsoron kada a ji muku irinsa. Haƙurin da yaran nan suka yi ne ya buɗe ƙofar. Har yau Nakiwala na nan a kujerarta duk Lahadi, Gwaggo na gefenta. Sai dai da zarar Ddumba ya kai hannu ga bel, tsohuwar takan runtse ido, ta riƙe hannun 'yarta har a wuce wurin.