Koren Ƙwai na Sa'id

Ana dab da kiran magariba dutsen farko ya sauka kan kwanon gidan Madu a Bolori. Na biyu ya faɗo tsakar gida da zafinsa. Sai amfilifayar da ke shagon ƙofar gida ta kunna kanta, alhali babu wuta, ɗan ƙwanta shuɗi yana haske, wata murya tana numfashi a ciki.

Madu mai haɗa amfilifaya ne, wajen yayansa marigayi Sa'id ya koyi sana'ar, a wannan shagon. Kowa a Gamboru ya san aikin Sa'id da ɗan ƙwai kore a goshin akwati. Madu kuwa shuɗi ya zaɓa, wai ya fi kama da na kanti. Da Sa'id ya rasu, ya bar amfilifaya bakwai ga matarsa Hajara, amana a hannun Madu, sai Madu ya ce mata ruwan sama ya lalata su. Ta yarda, baiwar Allah, har haƙuri ta ba shi.

A magariba ta uku, Ammatullahi, ɗiyar Madu, ta faɗi da buta a hannu. Da ta buɗe ido, muryar tsoho ce ta fito daga bakinta.

Aka ɗauko Goni Tahir, malamin Alƙur'ani, daga Khaddamari. Ya daɗe yana karatu kafin ya tambaya, "Wane ne kai? Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba," in ji muryar. "A shagon nan nake tun ba a yi masa rufi ba. Sa'id bai taɓa shiga bai yi mini sallama ba. Ranar da ya ba ƙanensa amana, cewa ya yi Allah ne shaida, da duk wanda ke ɗakin. Ni ne a ɗakin."

Muryar ta ci gaba.

"Ina kallo Madu ya narka dalma, ya cire kore bakwai, ya sa shuɗi bakwai, ya kai kasuwa da sunansa."

Goni ya ce zalunci ne kama marar laifi. Muryar ta amsa, amma ta kafa sharaɗi: a nemo amfilifayoyin duka, a mayar da koren. Madu ya rantse. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kira uwarta.

Da aka kira Hajara ta ji labarin, ba ta yi kuka ba. Abin ya fi ƙarfin kuka.

"Madu, har da ta masallacin layinmu?"

"Yaya, ki yi mini rai…"

"Shekara biyu ina jin kiran salla da aikin hannun mijina, ina sa maka albarka a kai."

Ya mayar da koren, duka bakwai. Dutse bai sake faɗowa ba. Amma tun daga ranar, in Madu ya yi sallama a ƙofar Hajara, sai dai ya tsaya ya gaji ya juya.