Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Akwai wata yarinya a unguwarmu ta Sakasaka, nan Tamale. Shekararta tara. Tsokana kuwa ba a magana. Ko akuya ta gani a kwance, sai ta ja mata bindi ta ruga.

Tana da ƙane, Napari, ɗan shekara uku da rabi. Babansu ya sami aiki a Akra, ya aiko su koma can. Har ya samar wa Napari gurbi a makarantar ƙananan yara. Ran Asabar za su hau jirgi, ran Litinin ya fara zuwa. Napari ko tuwo zai ci, jakar makarantarsa tana bayansa.

Ana gobe tafiya, Kaka ta zo sallama.

"Zo nan, mijina," in ji ta. "Wai kai ne ɗan boko? A zamaninmu sai yaro ya ɗora hannu ta saman kai, ya taɓo kunnen ɗaya gefen, kafin a ɗauke shi. Gwada mu gani."

Napari ya gwada. Yatsunsa suka tsaya cak a tsakiyar kai. Aka yi dariya, kowa ya manta.

Ban da yarinyar nan. Ta ja shi bayan ɗaki.

"Ka shiga uku," ta ce. "A Akra har yau gwadawa ake yi. Wanda hannunsa bai kai ba, jirgi ake saka shi shi kaɗai, a dawo da shi Tamale. Mu kuwa muna can muna shan iskar teku."

Idanun Napari suka kawo ruwa. "To yaya zan yi, Yaya?"

"Ka riƙa jan kunnen sama. Zai yi tsawo ya taryi hannun. Amma kar ka gaya wa Mma."

Tun daga nan Napari ya kama kunne. A mota yana ja. A filin jirgi yana ja. Kunnen ya yi jawur. Mma ba ta lura ba, don ga kaya, ga jaririya Tipagya a hannu. Yarinyar kuwa sai ƙunshe dariya take yi.

A cikin jirgi Napari ya zauna jikin taga, yarinyar a tsakiya. Kusa da ita wani ƙaton mutum ne mai sanƙo. Kwat ɗinsa ta matse shi, maɓallan kamar su yi ihu. Mma da jaririya suna ɗaya gefen hanya.

Tafiya ta yi daɗi. An ba su lemo da biskit. Sai da jirgi ya fara sauka, abin ya ɓaci. Kun san yadda kunne yake toshewa a sama. Napari bai sani ba. Ya ji zafi ta ciki, ya daina ji sosai. Sai ya kwarma ihu.

"Wayyo Mma! Kunnena ya mutu! Na ja shi ya tsinke!"

Tipagya ta farka, ita ma ta ɗauka. Mutane suka juyo. Wata mata daga baya ta ce, "Haba 'yar'uwa, a lallashe su mana!"

"Wa ya ce ka ja kunne?" in ji Mma.

"Yaya ce! Ta ce in hannuna bai kai ba za a dawo da ni ni kaɗai! Ba na son makarantar! Ba zan je ba!"

Ya fizge jakar daga cinyarsa ya yar ƙasa.

Mma ta dubi yarinyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaron da yake kwana da jakar nan. Kin ga abin da kika yi?"

Dariya ta gudu daga bakin yarinyar. Ta riƙe hannun ƙanenta.

"Napari, ƙarya na yi maka. Ba a gwada kowa. Wallahi wasa ne."

"Yanzu ma ƙarya kike yi!" ya ce, ya ƙara murya.

Kunya ta rufe ta. Ga gaskiya ta faɗa, an ƙi karɓa. Ta waiga hagu da dama tana neman mafita. Can sai idonta ya sauka kan kwat ɗin maƙwabcinta.

"Baba, don Allah, ka yi makaranta?"

"Ni?" in ji mutumin. "'Yata, shekara talatin ina koyarwa a Kumasi. Sunana Mista Ofori."

"Napari, ka ji? Malami ne guda! Baba, taimake ni. Ɗora hannunka ta saman kai ka taɓo kunnenka."

Mista Ofori ya dubi yaron, ya gane. Ya ɗaga hannu da ƙyar. Kwat ta riƙe shi. Ya yi nishi, ya ƙara miƙawa. Hannu ya zauna daram a kan sanƙo, ya ƙi gaba.

"Saura kaɗan, Baba!" in ji wani saurayi daga baya.

Ya sake yunƙurawa. Ɓarrr! Kwat ta yage a hammata.

Jirgi ya ɗauki dariya, har matar da ta yi mita. Napari ya wage baki yana ƙyaƙyatawa, hawaye na zuba. Ma'aikaciyar jirgi ta riga ta bar musu ruwa. Yarinyar ta miƙa masa, ya haɗiya. Sai ya ji ɓus!

"Mma! Kunnena ya tashi!"

"Ka gani?" in ji yarinyar. "Hannun Baba bai kai ba, kuma ba wanda ya kore shi." Ta juya. "Baba, ka yi haƙuri da rigarka."

"Rabu da ita. Matata ta daɗe tana cewa ta yi mini kaɗan."

Napari ya sunkuya ya ɗauki jakarsa da kansa.

Mma dai ba ta yafe a banza ba. Mako guda yarinyar tana wanke kayan Tipagya.

Ran Litinin yarinyar ce ta riƙe hannun Napari har ƙofar aji, Mma tana biye da su. Malamar, Anti Dede, ta durƙusa ta tarbe shi.

"Anti, za ki gwada kunnena?" ya ce.

"Kunne? Waƙa kawai zan zuba masa."

Napari ya saki hannun yayarsa ya shige, ko waiwaye babu. A ciki ya tarar da wani yaro yana kuka. Ya dafa shi kamar babba.

"Yi shiru. Nan ba a gwada kunne."

Yarinyar ta yi tsalle ta tafa. "Mma, ya shiga! Ya shiga!"

"Na gani," in ji Mma. "To me kika koya?"

"Wasan da zai sa ƙanena kuka ba wasa ba ne. Kuma in na saba yi masa ƙarya, ran da na faɗi gaskiya ba zai yarda ba."

Tsokana kam ba ta daina ba. Amma yanzu sai wadda za a yi dariya tare.